Injin MIG yana tari, walda ba ta cin ƙarfe: daga ina za a fara bincike?

Mai Get Dakata:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena masu sana'a. Ina neman taimako a kan injin walda na MIG, wato mai turo waya da kansa yana haɗa ta da gas, da na saya na hannu, irin mai taransifoma ne mai nauyi, an rubuta 200A a jikinsa. Waya mai kaurin milimita 0.8 nake sa masa, gas ɗin kuma CO2 zalla. Aikina get ne da taga da gadon ƙarfe, yawanci fayif mai kaurin milimita 1.5 zuwa 2.

Ga abin da yake yi. Da na danna bindigar walda sai ya kama tari, fat-fat-fat, wayar tana dungurar ƙarfen tana turo mini hannu baya. Wani sa'in kuma sai ta narke ta manne a bakin tif, wato ɗan bakin tagullar da waya ke fitowa ta cikinsa. Waldar tana hawa saman ƙarfe ta yi tudu, ba ta ci ciki, in na buga guduma sai ta ɓalle. Tartsatsi kuwa ba a magana. Abin da ya fi ɗaure mini kai, da safe yana ɗan yin dama-dama, rana na ɗagawa sai ya lalace gaba ɗaya. Na murɗa maɓallan nan biyu, na volt da na gudun waya, sama da ƙasa, babu inda ya zauna. Wani ya ce in kai a canza fanel, wato allon lantarkin da ke cikin injin. Kafin in kashe kuɗi na ce bari in ji ta bakinku.

Ɗan Kurna:
Wa alaikumus salam. Fanel ne, kada ka ɓata lokacinka. Duk injin da aka sayar na hannu akwai dalilin da ya sa mai shi ya rabu da shi.

Mai Tankin Ruwa:
Gas ɗinka ne ba shi da kyau. Ka canza wurin da kake ɗura.

Baba Panteka:
Yaro, sannu. Kafin kowa ya ce maka komai, je ka kunna injin ka yi walda na ɗan lokaci, sannan ka kashe ka bi wayar at, wato wadda ake maƙalawa don wuta ta koma inji, da hannunka tun daga maƙalinta har inda ta shiga inji. Ka taɓa maƙalin, ka taɓa wurin da aka ɗaure waya da noti. In ka ji wani wuri da zafi fiye da sauran, ka dawo ka gaya mini. Kuma ka faɗa mini a ina kake maƙala at ɗin, a jikin aikin ko a jikin tebur?

Mai Get Dakata:
Baba, a ƙafar tebur nake maƙalawa, teburin ƙarfe ne. Zan gwada in sha Allahu.

Injiniya Sharaɗa:
Malam Mai Get, na karanta bayaninka sau da ƙafa. Ina roƙonka ka daina murɗa maɓallai, kuma kada ka kwance ko sukuru ɗaya na murfin injin tukuna. Abu uku ne ke haɗuwa a bakin bindigar MIG: waya, wuta, da gas. Kowannensu yana da hanyarsa daban, kuma ana iya gwada kowanne shi kaɗai. Matsalar ita ce in ɗaya ya lalace alamarsa takan yi kama da ta ɗan'uwansa, shi ya sa kowa a nan zai ba ka amsa daban, kuma kowa da gaskiyarsa a kan injin da ya taɓa gani.

Gas shi ne mafi sauƙin cirewa daga zargi. Rashin gas ko gurɓataccen gas huji-huji yake kawowa a cikin walda, ka ga fuskarta da ƙananan ramuka, ta yi baƙi. Ba ya sa waya ta turo hannu. Kai ba ka ambaci ramuka ba, don haka a ajiye shi gefe.

Saura waya da wuta. Ka gane yadda suke aiki tare: a MIG, gudun waya shi ne ke tsayar da yawan amfiya, maɓallin volt kuma shi ke tsayar da tsawon harshen wutar. In waya tana zuwa da sauri fiye da yadda wuta za ta iya narkar da ita, za ta dunguri ƙarfe. In tana zuwa a hankali, wuta za ta cinye ta har ta kai tif ta manne. Kai ka ce kana ganin duka biyun a saiti ɗaya. Wannan ba aikin maɓalli ba ne. Ko dai wayar ba ta tafiya da gudu ɗaya, ko wutar tana hawa tana sauka.

Fara da waya. Ka rufe gas, ka ɗaga bindiga sama nesa da tebur domin wayar tana ɗauke da wuta, ka yanke ta daidai bakin tif. Ka miƙar da igiyar bindigar sak. Danna daƙiƙa 6 cif, ka auna abin da ya fito da tef, ka ninka sau 10, shi ne gudunta a minti ɗaya. Maimaita ka ga ko tsawon zai zo ɗaya. Daga nan ka lanƙwasa igiyar kamar yadda take zama in kana aiki, ka sake aunawa. Kawo mana lambobin.

Ɗan Kurna:
Injiniya duk wannan dogon turanci ne. Mutum yana da aikin mutane a hannu.

Injiniya Sharaɗa:
Gwajin ba zai ci minti 10 ba, kuma ba ya cin ko kwabo. Fanel ɗin da kake cewa a canza, a irin wannan injin mai taransifoma aikinsa kaɗan ne, gudun motar waya yake sarrafawa da buɗe gas. Wutar walda ba ta bi ta cikinsa. In aka canza shi alhali laina ce, wato bututun da waya ke bi a cikin igiyar bindiga, ta toshe, ya yi asarar kuɗi kuma aikin mutanen yana nan a ajiye.

Mai Get Dakata:
Na dawo. Baba, maganarka ta fito: wurin da wayar at ta shiga maƙali ya yi zafin da ba na iya riƙewa. Na zare robar na ga fiye da rabin silin wayar sun tsinke, sauran sun yi baƙi.

Injiniya, ga awo. Igiya a miƙe: santimita 44, sai 41, sai 45. Da na lanƙwasa ta: 30, sai 37, sai 22. Kuma ina jin rola mai turo wayar tana juyawa amma wayar tana tsayawa.

Baba Panteka:
To ka gani. Yanke wurin da ya ƙone har sai ka isa jan tagulla mai haske, ka sa sabon kai ka matse shi sosai, kada ka naɗe da hannu ka ce ya isa. Sannan ka bar maƙala at a ƙafar tebur. Wuta za ta bi ta ƙafa, ta bi ta tsatsa da fentin saman tebur, kafin ta shiga get ɗin da ke kwance a kai yana taɓawa nan yana ɗagawa can. Injin sanda yana haƙuri da wannan domin wutarsa kafin ya kama tana da ƙarfi, tana iya fasa datti. MIG da volt 18 ko 19 yake aiki, in ka zubar da biyu a hanya ka kashe shi. Sa giranda ka goge wuri kaɗan a jikin aikin kansa ya yi fari, ka maƙala a nan.

Injiniya Sharaɗa:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya, wannan ɗaya ke nan. Lambobin nan kuma sun nuna ta biyu. Waya da ke ba da 44 a miƙe ta koma 22 a lanƙwashe ta rasa rabin gudunta, wato amfiyarka tana faɗuwa rabi tana dawowa a tsakiyar walda. Babu saitin da zai zauna a haka.

Yanzu a nemo inda take maƙalewa. Saki hannun da ke danne rola gaba ɗaya. Ka kama wayar da filaya daga bakin bindiga ka ja. Ya kamata ta biyo ka cikin sauƙi. In ta yi tauri, cire tif ka sake ja. Ta saki bayan cire tif, tif ne. Ba ta saki ba, ka je wurin kwarkwaron wayar ka juya shi da hannu ka ji ko an ɗaure birkinsa da yawa. Birkin nan ana matse shi ne daidai yadda kwarkwaro zai tsaya in ka saki bindiga ba tare da waya ta warware ba, ba fiye da haka ba. In shi ma lafiya, saura laina.

Kuma ka ciro rolar ka duba. Yawancinsu rami biyu gare su, kowanne da lambarsa a gefe. Ka tabbatar wayar a ramin 0.8 take kwance. Kada ka dogara da lambar da ke kallonka kawai, domin kamfanoni sun bambanta wajen gefen da suke buga ta. Ɗora guntun waya a kowane rami ka gani da idonka.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ni abin da nika gani nan wajenmu, lokacin hunturu ƙura ita ka kashe laina. Mutane na barin ƙofar gefen inji buɗe, ƙura ta zauna bisa waya, waya ta kwashe ta ta kai cikin laina. Da damina kuma tsatsa. In an tashi aiki a rufe ƙofar, in inji zai daɗe ba aiki a cire kwarkwaron a sa cikin leda. Ni ina yanka ɗan soso busasshe in maƙala shi bisa waya kafin ta shiga rola, in ka ga abin da yake kwasowa cikin sati sai ka yi mamaki.

Mai Tankin Ruwa:
Ni ɗan baƙin mai nake ɗigawa a kan soson, waya tana sulɓi sosai.

Injiniya Sharaɗa:
Malam, don Allah ka bar sa baƙin mai, balle kai da kake tankin ruwa. Duk abin da ya hau waya cikin walda zai ƙare. Mai yana kawo ramuka, kuma cikin laina yana haɗuwa da ƙura ya zama kwaɓi. Sulɓin kwana biyu ne, toshewar da za ta biyo baya ta fi ta farko. Soson Ɗan Maraɗi busasshe ya wadatar.

Mai Tankin Ruwa:
Ban taɓa ganin ya ba ni matsala ba, amma na ji.

Mai Fanel Sabon Gari:
Ku yi haƙuri na shigo a makare. Ban musa abin da Baba da Injiniya suka faɗa ba, amma akwai abin da kowa ya tsallake. Mutumin nan ya ce da safe injin yana yin dama-dama, da rana ya lalace. Laina ba ta san safe da rana ba. Abin da ke canzawa da zafi kayan wuta ne. Irin waɗannan injinan suna zuwa hannuna da yawa: diyod ɗinsu, masu mayar da wutar AC ta zama DC, a jere suke a kan farantin alminiyam, da yawa suna aiki tare. In ɗaya ko biyu suka mutu injin ba zai tsaya ba, sauran za su ɗauki nauyin, su yi zafi, wutar ta yi rauni. Ga kuma kwantakta, wadda ke yin ƙas in ka danna bindiga. Bakinta yana cinyewa ya yi ƙuraje, wuta ta riƙa wucewa da ƙyar. Maɓallin zaɓen volt shi ma haka. Ni a ganina sai an buɗe.

Injiniya Sharaɗa:
Oga Mai Fanel, maganar safe da rana gaskiya ce, kuma na yarda laina ba za ta bayyana ta ba. Amma akwai abu biyu a waje da ke bayyana ta kafin a kai ga diyod. Na farko wayar at ɗin da ta ƙone: tana ɗumi, tana ƙara hana wuta wucewa, tana ƙara ɗumi. Na biyu wutar da ke shigowa shagon. Da safe unguwa ba ta gama tashi ba. Da rana masu niƙa da masu walda da masu firji duk sun hau layi ɗaya. Injin taransifoma ba ya gyara abin da aka ba shi, in wutar shiga ta faɗi kashi 15 cikin ɗari, ta fita ma haka za ta faɗi. A gyara na waje, a auna wutar shiga, in ciwon yana nan sai mu miƙa maka shi.

Mai Fanel Sabon Gari:
Na amince da jerin, amma a rubuta cewa na faɗa. Kuma akwai gwajin da zai yi ba tare da ya buɗe ba. Ya sa mita a DC, jan tsinke a tif, baƙi a maƙalin at, ya saki rola don kada waya ta fito, ya danna bindiga. Ya bi matakan volt ɗaya bayan ɗaya, yana sakin bindiga kafin ya juya maɓallin, kada ya juya shi wuta na ciki. Kowane mataki ya kamata ya ɗara na bayansa. Ya duba farantin bayanai da ke jikin injin, inda aka rubuta U0, shi ne abin da ya kamata ya gani ba tare da walda ba. In wani mataki ya ba da sifili ko ya faɗi ƙasa da na bayansa, maɓallin ne. In duka sun yi ƙasa sosai alhali wutar shiga lafiya, sai a zargi diyod.

Ina kuma gargaɗin duk wanda zai buɗe inji: a zare filogi daga soket, ba kashe maɓalli kawai ba. Kwandansa tana riƙe wuta bayan an kashe. Masu injin inbata, wato ƙaramin nan mara nauyi, ku kula fiye da kowa, a cikinsa akwai wajen volt 310 a kan manyan kwandansa, kuma ba nan take suke saukewa ba.

Yaron Shago Zariya:
Iyayena ku gafarce ni, ni almajiri ne a sana'ar. Maigidana yana da MIG amma ba ya sa gas, kuma shi ma yana irin wannan tartsatsin. Ko matsalar ɗaya ce?

Injiniya Sharaɗa:
Ƙanena, tambayarka tana da kyau. Ka duba kwalin wayar. In waya ce mai hoda a ciki wadda ba ta buƙatar gas, za ka ga an rubuta E71T-GS ko E71T-11. Ita bindiga a kan negatif take so, at a kan fozitif. Wayar da ake haɗawa da gas, ER70S-6, akasin haka ce, bindiga a fozitif. Mutane da yawa suna canza waya su bar igiyoyin yadda suke, sai tartsatsi ya cika wuri walda ta ƙi kwanciya. Ita mai hodar kuma rola mai haƙora take so, domin bututu ce, in ka danne ta da ƙarfi a rola mai santsi sai ta baje. Amma in wayar gas ce maigidanka yake ƙonawa ba gas, wannan waldar ba ta da amana, ka gaya masa cikin ladabi.

Malam Mai Get, kai ma ka leƙa ka tabbatar bindigarka a fozitif take, tunda ba ka san abin da mai injin na farko yake ƙonawa ba.

Baba Panteka:
Ni fa har gobe ina cewa wanda yake aiki a bakin titi, iska na kaɗawa, ƙarfensa rabi tsatsa, wutarsa ba tabbas, injin sanda ya fi masa kwanciyar hankali. MIG ɗan gata ne, yana son inuwa da ƙarfe mai tsabta. Na ga yara da yawa sun sayar da injin sandarsu sun sayi wannan, wata uku sun dawo suna neman haya.

Mai Get Dakata:
Baba, ban sayar da na sanda ba, yana nan. Abin da ya sa na nemi wannan, fayif ɗin da ake kawowa kasuwa yanzu ya yi siriri, sanda tana huda shi, rabin lokacina a cike huji yake tafiya.

Baba Panteka:
Wannan hujja ce. A kan siririn ƙarfe ba na jayayya, MIG ya fi. Riƙe duka biyun.

Mai Get Dakata:
Ga rahoto. Bindiga a fozitif take, wannan lafiya. Da na saki rola na ja waya da filaya, sai da na sa ƙarfi. Na cire tif, ta ɗan saki kaɗan. Ramin tif ɗin ya zama dogo kamar an ja shi gefe, kuma 1.0 aka rubuta a jikinsa. Rolar ma a ramin 1.0 wayar take, haka injin ya zo, kuma an ɗaure hannun dannewar har ƙarshe. Ƙarƙashin rolar duk garin jan ƙarfe ne. Na zaro laina, ja ce, ta karye a wuri ɗaya kusa da wuyan bindiga, da na buga ta a ƙasa baƙin gari ya yi ta zuba.

Injiniya Sharaɗa:
Yanzu labarin ya haɗu. Mai injin na farko da wayar 1.0 yake aiki, komai nasa na 1.0 ne. Wayar 0.8 a ramin 1.0 ba ta samun riƙo, sai ta riƙa zamewa. Maganin da hannu ke saurin kaiwa gare shi shi ne a ƙara matse rola. Matsewar tana baje wayar tana kankare rufin tagullar da ke jikinta, garin ya bi ta cikin laina ya taru, laina ta ƙara riƙe waya, a sake ƙara matsewa. Garin da ka gani ke nan.

Tif mai faɗi kuma illarsa biyu. A nan ne wuta ke shiga waya, in ramin ya yi mata yawa sai ta riƙa taɓawa tana saki, wutar tana yankewa a ciki inda ido ba ya gani.

Abin da za ka saya ba shi da yawa: tif na 0.8 guda da dama domin cinyewa yake yi, da laina ta 0.8. A irin bindigar da ta fi yawa a kasuwa, shuɗiyar laina ita ce ta 0.6 zuwa 0.9, ja ta 1.0 zuwa 1.2. Juya rola zuwa ramin 0.8, ka goge ramin da burushin waya. Wajen matsewa ka fara daga sako-sako, ka nufi bakin bindiga kan katako daga ɗan nesa, ka danna. Ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har wayar ta daina zamewa ta fara naɗewa a kan katakon. Ƙara rabin juyi ka tsaya. Ana so in waya ta manne a tif rola ta zame, maimakon ta cusa waya ta cukurkuɗe a bayanta.

Ɗan Kurna:
To ai ni ma da na gani da ido da na gane.

Mai Tankin Ruwa:
Tunda ana maganar, ni regileta ta ce, wato abin daidaita gas a kan tukunya, ke yin ƙanƙara in na daɗe ina walda, sai ramuka su fara fitowa. Me ke kawo shi?

Ɗan Maraɗi:
Wanga ya taɓa samu na. CO2 ruwa ne cikin tukunya, in yana fita yana zama iska sai ya yi sanyi ƙwarai. In ka buɗe shi da yawa regileta na daskarewa gas ya tsaya. Akwai regileta mai hita, a duba ko ta volt 36 ce ko ta 220 kafin a jona. Kuma tukunya ta tsaya tsaye, kada a kwantar. Wasu na amfani da tukunyar kashe gobara, ita tana da bututu har ƙasa, ruwan take turowa, dole ta daskare.

Injiniya Sharaɗa:
Haka ne. Kuma yawancin mutane suna buɗe gas fiye da kima suna zaton kariya ce. Ga wayar 0.8, lita 8 zuwa 12 a minti ta isa a cikin shago. In ya yi yawa yana fita da hargitsi ya jawo iskar waje cikin walda, ga asarar kuɗi. In iska ce ke damunka ka kafa kariya da falanki ko kwano, ka kawar da fanka daga kan aikin. Wani abu kuma: agogon tukunyar CO2 ba ya gaya maka saura nawa, allurar tana zama kusan wuri ɗaya muddin akwai ruwa a ciki, sai dab da ƙarewa ta faɗi. Nauyin tukunyar ne ke faɗin gaskiya. A kuma kiyaye ta daga rana, a ɗaure ta da sarƙa.

Mai Get Dakata:
Alhamdu lillahi. Na canza laina da tif, na juya rola, na gyara at na maƙala a jikin aiki. Awo yanzu 43, 43, 44, ko a miƙe ko a lanƙwashe. Da safen nan ƙarar ta koma kamar ana suyar ƙosai, ba yankewa, waldar ta kwanta, na yanka na ga ta ci. Gwajin Oga Mai Fanel ma na yi, matakan suna hawa a jere.

Sai dai da azahar ya sake yin sanyi. Ba ya tari kamar da, amma waldar tana yin tudu sai na ƙara mataki biyu. Na auna soket ɗin bango: volt 205 ba walda. A bakin injin, yarona na walda ina kallon mita, tana sauka 178.

Injiniya Sharaɗa:
Tsakanin bango da inji me ke akwai?

Mai Get Dakata:
Wayar jona ce, za ta kai mita 30, mai kaurin 1.5mm² ce. Rabinta a naɗe take a kan ƙarfe.

Injiniya Sharaɗa:
Ga lissafin. Mita 30 zuwa da dawowa mita 60 ke nan. Tagulla mai kaurin 1.5 a wannan tsawon, in injin ya ja amfiya 20, tana cinye wajen volt 14. In 4 ce, wajen 5 kawai za ta ci. Wannan ma in tagullar gaskiya ce. Akwai wayar da alminiyam ce aka shafa mata jan launi, ita ta fi haka ci, kankare silin da wuƙa za ka ga fari a ciki. Kuma barin ta a naɗe ana jan wuta mai yawa yana tara zafi har roba ta narke, ka warware ta yau ɗin nan.

Mafi kyau ka matsar da injin kusa da bango ka gajarta wayar. In dole sai ta yi tsawo, ka sa 4. Ragowar faɗuwar daga layin unguwa ne, wannan ba a hannunka yake ba. Ƙara mataki da rana ba laifi ba ne, abin da maɓallin yake yi ke nan, ko ka rage gudun waya kaɗan. Aiki mai kauri ka ajiye shi sai safe.

Mai Fanel Sabon Gari:
Tunda matakan sun hau a jere, na janye maganar maɓalli. Ta diyod ban janye duka ba, domin mita ba tare da nauyi ba ba ta nuna diyod ɗaya da ya mutu a cikin jeri. In ka gyara wayar jona, ka sa mita tsakanin fozitif da negatif na injin ana cikin walda. A amfiya 90 zuwa 100 ya kamata ka ga wajen 18 zuwa 20 tsaye. In yana zubewa ƙasa da haka alhali wutar shiga ta haura 200, kawo shi. Ko ba komai injin da ya yi shekaru yana son a buɗe a hure ƙurar da ke kan taransifoma da farantin diyod da kwamfresa, a duba fankarsa tana juyawa.

Baba Panteka:
Wannan hurewar a yi ta ko injin lafiya lau yake. Kuma yaro, in get ɗin na fayif mai farin rufi ne, galbanais, ka goge rufin a wurin walda kuma kada ka sa kanka cikin farin hayaƙin. Shi ke kawo zazzaɓin dare da ciwon ƙirji da masu walda ke yi. Madarar da ake sha bayan aiki ba ta hana shi, iska mai wucewa da kawar da fuska su ne kariya.

Yaron Shago Zariya:
Na duba, wayarmu E71T-GS ce kuma bindiga a fozitif take. Maigida ya yarda mun juya, tartsatsin ya ragu sosai. Za mu canza laina ma. Yaya ake yanke sabuwa? Da tsohuwar ake auna ta?

Injiniya Sharaɗa:
A'a, kada ka auna da tsohuwa, ba ka sani ba ko tun farko an yanke ta gajere. Ka shimfiɗa igiyar bindiga sak a ƙasa, ka cire nozul, wato murfin bakin bindiga da gas ke fita ta cikinsa, da tif da abin da tif ke ɗaurewa a kai. Zura sabuwar daga bayan igiya har ta fito ta wuya, ka ɗaure notinta na baya. Sannan ka tura ta ciki kaɗan daga gaba, ka yanke ta yadda in ka mayar da mazaunin tif zai ɗan danne ta. In ta yi gajere za a sami fili tsakaninta da tif, a nan waya ke lanƙwashewa. Yi amfani da filaya mai kaifi, ka goge bakin da fayil kada ya bar ƙaya a ramin. Ga waya mai hoda ka bar tsinin da ke fita daga tif ya kai milimita 12 zuwa 15, ya ɗan fi na mai gas tsawo, shi wajen 10 ne. Kuma ka riƙa jan bindigar baya kamar yadda kake yi da sanda, kada ka tura ta gaba.

Mai Get Dakata:
Na matsar da injin, wayar jona yanzu mita 6 ce ta 4. Da azahar ana walda mita tana nuna 196 a bakin inji, fitar kuma 19 tsaye. Oga Mai Fanel, ranar Juma'a da safe kafin masallaci zan kawo shi a hure a duba kwantakta ɗin. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ƙara wa Baba lafiya.

Mai Fanel Sabon Gari:
Amin. Ka zo da bindigar da wayar at ɗin duka, a gwada shi da kayansa.